Babur mai ƙafa huɗu: yadda za ka ƙara masa jan tashi da gudu ba tare da ka ƙona fistin ba

Duk wanda ya sayi babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da ake ce wa kwad, sati biyu na farko murna yake yi, kowa ya gani ya ce kai wannan abu akwai wuta, ana shiga sati na uku sai ka ji ya fara cewa anya kuwa yana ja yadda ya kamata? Kuma abin da ke fara zuwa ran kowa salansa ne, a kai wa mai walda ya fasa ta ya zare abin da ke ciki, a dawo unguwa ana ta ɓaɓatu kaji na watsewa. To malam ba girin-girin ba dai ta yi mai. Ƙara daban, ƙarfi daban, ni ma sai da na yi asarar fistin guda kafin na yarda da haka, zan zo kan labarin.

Kafin ka taɓa ko noti ɗaya ka tambayi kanka me kake so, domin abu biyu ne mutane ke haɗawa su kira shi gudu. Akwai jan tashi, wato daga tsaye ka danna totur ya fizge ka, ya hau tudu ko ya fita daga yashi ba ya nishi. Akwai kuma gudun ƙarshe, inda yake ƙure maleji a miƙaƙƙiyar hanya. Waɗannan biyun kishiyoyi ne, mafi yawan gyare-gyaren masu araha in suka ba ka ɗaya sai sun ɗan ƙwace ɗayan, hanya ɗaya da za ka samu duka biyun ita ce injin kansa ya ƙara ƙarfi, wannan kuma shi ne mai cin kuɗi. Ni dai in ka tambaye ni jan tashi ya fi amfani nesa ba kusa ba, wa ke da filin da zai riƙe kwad a ƙarshen gudu na minti guda ba tare da ya haɗu da kwazazzabo ko saniya ba?

Sai kuma ka san irin naka. Akwai masu giya da kuloci da sarƙa, irin su Yamaha Raptor 700, Banshee 350, Honda TRX400EX da Suzuki LT-Z400. Akwai masu bel waɗanda ba ka canza giya, danna totur kawai, irin Polaris Sportsman da Can-Am Outlander, da kuma 'yan China masu injin GY6 na 150cc wanda shi aka fi gani a hannun mutane saboda sauƙin kuɗi. Sai ƙananan na yara masu 110cc, injinsu ɗan uwan na roba-roba ne sak, duk bakaniken mashin ya san cikinsa.

Ka fara da awo. Ka samu fili ɗaya, ka auna mita 100, ka sa wani ya riƙe maka agogon waya, ka yi sau uku ka rubuta. Gudun ƙarshe kuma ka auna da GPS na waya, kar ka yarda da malejin babur ɗin musamman in an taɓa canza masa taya. Duk gyaran da ka yi ka koma filin nan, kai ɗin dai, mai a tanki kusan daidai da na farko. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. In ka canza salansa da jet (ɗan sukuru mai rami a kafireto da fetur ke bi) da rola (masu tura bel) rana ɗaya abin ya lalace, wa za ka kama?

Yanzu ga inda mutane ba sa son ji. Rabin baburan da ake cewa ba sa ja, ba ƙari suke buƙata ba, ƙarfinsu na asali ne ya zube a hanya, sai an fara tsinto shi. Buɗe akwatin iyakilina, wato matacin iska, ka ga soson, in lokacin hunturu ne wallahi za ka iya shuka gero a kansa. A wanke shi ya bushe sarai, a shafa masa mansa a matse, ya yi danshi amma kada ya riƙa ɗiga. Sa sabon fulogi mai lambar da kamfani ya rubuta. A duba tazarar bawul inji na sanyi, a GY6 wajen 0.1mm ce, sauran kuma ka bi littafin naka, bawul in ya matse inji ba ya riƙe matsi, zai yi wuyar tashi da safe kuma ya yi laushi a hanya. Ka ɗaga bayan babur ɗin ka juya taya da hannu, in ta tsaya nan take birki na kamawa ko boris ɗin aksul ya mutu, kana ta neman ƙarin doki alhali wanda kake da shi ɗaure yake a turke. Sarƙa ta sha mai, kada ta yi tauri kamar tsirkiya kada kuma ta yi lako-lako.

Iskar taya ita ma labari ce. Tayar kwad ba ta shan iska irin ta mota, yawanci fam 4 zuwa 5 ne kacal a ma'aunin psi, wasu manyan su kai 7. Na taɓa aiken yaro wajen wani mai faci, bawan Allah ya ɗura mata 30 kamar tayar mota, babur ya dawo yana tsalle kamar ɗan akuya, a yashi kuwa sai dai taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana tona rami. Ka sayi ɗan gejin nan na ƙaramar iska ka ajiye a aljihu, gejin mota ko motsi ba ya yi a fam 4.

Duba kuma jikin akwatin totur a kan hannu, akwai wani ɗan sukuru da noti da ke hana ka danna totur har ƙarshe, kamfani ke sa shi domin ɗan koyo. Mutane da yawa sun shekara suna hawa da rabin totur ba su sani ba. In kai babba ne kuma ka iya, sassauta shi, amma ka leƙa ka tabbata maƙogwaron kafireto na buɗewa duka kuma yana komawa da kansa in ka saki. In babur ɗin yara ne ka bar musu abinsu yadda yake, don su aka sa shi. Masu Yamaha kuma akwai wata 'yar matsala da aka san su da ita, makunnin birkin fakin yana da waya da ke zuwa wajen wuta, in ya lalace sai babur ya ɗauka birki a ɗaure yake ya riƙa yanke wuta da zarar ka ba shi totur, sai ka ga an kwance kafireto sau biyar a banza. Sannan baƙin mai: in naka mai kuloci ne da ke wanka cikin mai, ka nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan, man mota yana da sinadarin santsi da ke sa faifan kuloci zamewa, inji na ihu babur na tafiyar hawainiya.

To in duk wannan ya daidaita, sai mu zo kan gyaran da ya fi kowanne biyan kuɗinsa, sufuroket, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa ke bi, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Lissafin ba wuya. Ka raba haƙoran na baya da na gaba. Raptor 700 daga kamfani 14 ne a gaba 38 a baya, wato 2.71. Ka sa 13 a gaba ya koma 2.92, ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari, gudun ƙarshe kuma ya ragu da kusan kashi 7, in da kana yin 100 yanzu 93 za ka yi. Ka sa 15 ya koma 2.53, a takarda za ka yi 107, amma fa a takarda ne, sai in injin na da ƙarfin da zai ture iska a wannan gudun, in babu sai ka ga giyar ƙarshe ta zama ta ado, gudun ma ya ragu ƙasa da na da. Wannan ke cin mutane da yawa masu ƙananan injuna, su sa ƙaton sufuroket a gaba suna jiran mu'ujiza. Yadda za ka gane: in a giyar ƙarshe injin na kaiwa ƙurya yana kuka kamar yana neman wata giyar, akwai sauran ƙarfi, ƙara haƙori zai ba ka gudu. In kuwa dama da ƙyar yake kaiwa, kada ka soma.

Haƙori ɗaya a gaba daidai yake da kusan uku a baya, don haka in kana son ɗan canji kaɗan na baya za ka taɓa, ƙari a baya jan tashi, ragi a baya gudu. Sai dai na baya in ya yi girma yana matsowa kusa da ƙasa, dutse zai riƙa dukansa, na gaba kuma in ya yi ƙanƙanta sosai yana cin sarƙa da robar da take bi ta kai. Ka san lambar sarƙarka kafin ka shiga kasuwa, manyan nan 520 suke amfani da ita, 'yan China ƙanana 420 ko 428. In tsohuwar sarƙa ta miƙe kada ka ɗora ta kan sabon sufuroket, a wata biyu za ta cinye shi, a canza su tare.

Taya ma giya ce, mutane na mantawa. In ka ga an rubuta 20x10-9, tsayinta inci 20, faɗi 10, wili 9. Ka sauka zuwa 18 kamar ka rage giya da kashi 10 cikin ɗari ne, ga shi babur ya yi ƙasa ya fi zama a kwana, shi ya sa masu tsere a fili ke son ta. Ka hau 22 ka samu tsayi daga ƙasa da ɗan gudu amma tashi ya yi nauyi, kuma ƙatuwar taya nauyinta kaɗai ma yana shan ƙarfi. Na ga masu sa wa ɗan 150 manyan tayoyi don ya yi kwarjini a hoto, ya yi kwarjinin kuwa, amma ko tudun gada sai an taimaka masa da addu'a. In naka mai jan ƙafa huɗu ne duka, kada ka canza tsayin na baya ka bar na gaba, za ka wahalar da giyar.

Masu bel, naku sirrin na cikin murfin hagu. In ka buɗe na GY6 za ka ga faifai a gaba, bayansa akwai 'yan rola guda 6, su ne ke tura bel ya hau sama yayin da inji ke ƙara juyi. Rola mai nauyi tana saurin kai ka babbar giya tun inji bai shirya ba, shi ya sa tashi ke yin sanyi. Mara nauyi tana barin inji ya fara hawa inda ƙarfinsa yake kafin bel ya motsa. Girmansu a GY6 150 shi ne 18x14, nauyin na kamfani yawanci wajen giram 13 zuwa 14. Ka sauka da giram 1 ko 2 ka gwada, kada ka yi tsalle zuwa 9 kai tsaye, inji zai yi ta kururuwa yana shan mai babu tafiya. In ba ka samu nauyin da kake so ba ana haɗa uku-uku, mai nauyi ɗaya mara nauyi ɗaya a jere, kada masu nauyin su taru gefe guda. Kafin ma ka sayi komai ka duba tsofaffin, in gefensu ya baje ya daina zama zagaye to ka ga ɓarawon.

Ga wata dabara da ba ta cin ko sisi. Ka ja layi da maka a fuskar faifan gaba daga tsakiya zuwa baki, ka rufe, ka je ka ƙure gudu, ka dawo ka buɗe. Inda bel ya goge layin nan ne iyakar hawansa. In ya bar saura da yawa a baki, ko rola ta yi rashin nauyi ko bel ya cinye ya sirance. Faɗin sabon bel milimita 20 ne, lambar da za ka gani a jikinsa 842-20-30 ko 743-20-30 gwargwadon tsawon injin, ya rage milimita ɗaya ko biyu gudun ƙarshe ya tafi. Akwai kuma babban sifirin na baya, da ƙananan sifirin uku na kuloci da ake sayarwa da lamba 1000, 1500, 2000. Masu ƙarfin suna sa kuloci ya jira sai inji ya hau kafin ya kama, ka ji ya fizga. Na 2000 ni ban so shi ba, tafiya a hankali cikin mutane ta zama wahala, babur sai zabura yake. Giris ko mai kada ya kusanci bel, kuma notin faifan nan a ɗaure shi da kyau, in ya kwance a hanya haƙoran karanshaf yake ci.

Yanzu sai maganar numfashi, iska da mai da salansa, kuma a nan ne nake roƙonka ka nutsu. Inji iska yake shaƙa ya haɗa da fetur, wajen kashi 13 na iska kashi 1 na mai a nauyi shi ne inda ya fi ba da ƙarfi. Duk lokacin da ka buɗe masa hanya, ka sa salansa mai faɗi ko ka cire murfin akwatin iyakilina, iska ta ƙaru amma man yana nan yadda yake, sai wutar ta yi zafi fiye da ƙima. Abin da ya faru da ni ke nan. Na sa salansa, na sa iyakilina irin buɗaɗɗen nan, wani bakanike ya ce min ai ba sai an taɓa jet ba oga, haka muke yi. Kwana uku ina jin daɗi, babur kamar ya fi sauƙi, rana ta huɗu a tsakiyar daji ya yi wani ƙas ya mutu. Da aka buɗe, kan fistin ya narke kamar an ɗiga masa dalma. Turo shi muka yi, kuma wanda bai taɓa tura kwad cikin yashi da azahar ba bai san wahala ba.

Saboda haka salansa da iyakilina da jet tafiyarsu ɗaya. A kafireto abu uku ke raba aiki. Ƙaramin jet shi ke riƙe silo zuwa kwatan totur, allura daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet daga nan zuwa ƙarshe. Ka kwance ka karanta lambar da ke jikin babban jet ɗinka, a GY6 150 za ka same ta wajen 100 da 'yan kai, ka sayo uku ko huɗu da ke sama da ita. Ka fara da mafi girma kana saukowa, domin mai in ya yi yawa fulogi kawai zai ɓata, in ya yi kaɗan inji zai ɓata. Ka lura lambar jet ɗin kamfanin Mikuni da ta kamfanin Keihin ba ɗaya ba ce, 120 na wannan ba 120 na wancan ba ne. Kuma don Allah kada ka bari a zura wa jet waya ko allurar ɗinki wai a faɗaɗa shi, daga ranar ba wanda ya san girmansa kuma.

Allura in mai tsaga-tsaga ce, ka saukar da ɗan kilif ɗin ƙasa allura ta ɗago, mai ya ƙaru a tsakiya. Sukurun gefe kuma ka duba inda yake, in yana ɓangaren inji na mai ne, warware shi ƙarin mai, in yana ɓangaren iyakilina na iska ne, warware shi ƙarin iska. Ka mayar da shi ciki a hankali har ya zauna, ban da matsewa, ka warware juyi biyu ka fara nema daga nan.

Babur da kansa zai gaya maka. In ka saki totur yana ta fat-fat ta salansa, ko silo ya ƙi sauka da wuri, ko ka danna da sauri ya yi kamar zai shiɗe, mai ya yi kaɗan. In yana tari a sama, baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur, ya yi yawa. Shaidar ƙarshe fulogi ne. Sa sabo, inji ya ɗau zafi, ka ba shi wuta duka a babbar giya na ɗan lokaci, ka kashe da makunni totur na danne, ka kama kuloci ka tsaya, ka kwance ka duba. Kalar shayi da madara ita ake nema. Fari fat kamar alli, koma ka ƙara jet yanzu-yanzu. Baƙi mai kunkunniya, rage. Yanayi ma na taka rawa, iskar sanyin asuba ta fi ta zafin Afrilu kauri, kuma kan tudu iska ba ta da nauyi, babur ɗin da aka saita a Jos mai tsayin wajen mita 1,200 in aka sauko da shi Sakkwato zai iya neman ƙarin mai.

Game da iyakilina, a ƙasar ƙura ni soso mai mai nake ba da shawara, irin na Uni ko Twin Air, kuma a bar shi cikin akwatinsa, in ma za a ƙara iska a huda murfin daga sama. Buɗaɗɗen nan mai kama da kofi yana da kyau a ido amma ƙura in ta wuce shi ringi da bulok take ci kamar sanfefa. Ka sa ɗan matacin fetur a tiyo, musamman in kana shan man 'yan bumburutu. Salansa kuma masu suna su ne irin FMF, HMF da Yoshimura, an auna tsayi da faɗin bututun da injin. Wadda mai walda zai ƙera maka da ƙaton bututu tana iya kashe jan ƙasa gaba ɗaya. Masu Banshee da Blaster na Yamaha, naku injin mai shan fetur haɗe da baƙin mai ne, kumburin cikin salansar nan ba ado ba ne, shi ne rabin ƙarfin injin, canza ta na kawo bambanci babba amma kuma kuskuren jet a nan ba ya yafiya ko kaɗan. Banshee a tanki ake haɗa masa man, da yawa kashi 32 na fetur kashi 1 na man suke yi.

Raptor 700 da sauran masu injekta ba su da jet, na'ura ce ke auna mai. Su sai ka sa musu ɗan akwatin nan irin Power Commander na kamfanin Dynojet, a loda masa tsarin da ya dace da salansar da ka sa. Dokar dai ba ta canza ba, an ƙara iska dole a ƙara mai.

CDI kuwa, wato ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta a kan lokaci, gaskiya an fi zuzuta shi. Waɗannan masu kala-kala da ake cewa na tsere ne, abin da yawancinsu ke yi shi ne cire iyakar juyin inji da ɗan gaggauta wuta. In injinka dama ba ya kaiwa iyakar, ba abin da za ka gani. In yana kaiwa kuma ka cire, ka sani ba don mugunta aka sa ta ba, bawul na iya haɗuwa da fistin. In dai sai ka saya, ka tantance naka mai wutar AC ne ko mai DC, ba sa shiga wa juna.

Buɗe inji shi ne na ƙarshe, kuma sai in aljihu da bakanike duk sun amsa. GY6 faɗin fistinsa 57.4mm ne, akwai bulok na 61mm da ke kai shi wajen 170cc, na 63mm kuwa sai an rarake jikin injin kafin ya shiga. TRX400EX ana kai shi 416 ko 440, Raptor ana sa masa 105.5mm ya koma 734cc daga 686. Wannan ne ke ba ka jan tashi da gudu a tare, in ka haɗa da kamshaf da ya dace da ɗan ƙarin haƙori a gaba. Amma zafi zai ƙaru, sitata da batir za su sha wuya, jet sai an sake nema daga farko, kuma fistin mai matsi sosai fetur mai kyau yake so, in ka ji inji na ƙyal-ƙyal kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da yake jan nauyi, tsaya, cin kansa yake. Araha ba ta ado a nan, bulok ɗin banza da gasket ɗin kwali za su mayar da kai gareji kafin wata. Bayan an haɗa a bi shi a hankali tankin farko da na biyu, ana hawa ana sauka da totur, a zubar da baƙin mai da wuri. In kuma ka lissafa kuɗin ya kusa na babban babur na hannu, ka sayar da ƙaramin kawai, ɗan 150 mai doki 10 ko me ka yi masa ba zai zama Raptor ba.

Nauyi ma ka rage inda za ka iya, kariyar kaya da ba ka amfani da ita, wilin ƙarfe a koma na alminiyam, wannan ana jinsa sosai tunda abin juyawa ne. Ban ce ka cire garkuwar ƙasa ko ragar ƙafa ba.

Duk ƙarfin da ka ƙara sai ka ƙara abin riƙe shi. Tarihin abin nan ma haka ya nuna, masu ƙafa uku aka fara yi, Honda ta fito da nata a 1970, Suzuki ta kawo mai ƙafa huɗu a 1982, a 1988 kuma aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka saboda yawan kifewa. Mai huɗun ma yana kifewa. Yawancin masu sarƙa aksul ɗin baya sanda ɗaya ce, tayoyin biyu juyi ɗaya suke yi, a ƙasa ɗaya na ɗan zamewa a kwana sai a wuce lafiya, a kwalta kuwa ba zamewa, sai dai ya ɗaga ƙafa ya juye da kai, kuma Raptor ya haura kilo 190, in ya hau ƙirjinka ba wasa ba ne. Don haka gwajin gudu a fili, ba kan titi ba. Sabon takalmin birki, man birki DOT 4 sabo, a duba bol-joyin da tayarod kada a samu girgiza. In gudun ya ƙaru sosai a faɗaɗa shi, aksul mai tsawo a baya da hannuwan gaba masu ƙarin inci 2 sun fi faifan da ake cusawa bayan wili, shi wannan yana kashe boris. Ka sa igiyar nan da ake maƙalawa a jiki mai kashe inji in ka faɗi, hular kwano da takalmi mai rufe idon sawu, kuma ban da goyo a babur ɗin mutum ɗaya.

Bayan fitar farko da kowane sabon gyara, ka bari ya huce ka bi notuna da sufana ɗaya bayan ɗaya, na salansa da na sufuroket su suka fi kwancewa, ka sake duba sarƙa da fulogi. Tsofaffin jet da rola da sufuroket kuma kada ka bar su a gareji, ka zuba a gwangwani ka rubuta lambar kowanne a takarda ka jefa ciki, ranar da wani gwajin ya ƙi ka san inda za ka koma.